Fasfon Farko Na Yarinya: Daga Wace Rana Ake Fara Ƙirge?

Assalamu alaikum, Anti. Ina zaune a Rikkos, cikin garin Jos, kuma ina da yarinya 'yar wata goma sha huɗu. Maigidana ya samu aiki a wani asibiti a Saudiyya, yana so mu bi shi nan da wata uku, amma ya ce ba zai iya fara nema mana biza ba sai fasfon yarinyar ya fito. Ni ina da nawa, ita kuwa ba ta da wata takarda sai katin asibitin da aka haife ta da katin rigakafi. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce a zamaninsu cikin fasfon uwa ake rubuta yaro. Wani mutum da aka haɗa mu da shi ya ce in ba shi Naira 250,000 zai fito da fasfon cikin kwana uku ba tare da na kai yarinyar ko'ina ba, wasu kuma sun ce in tafi Abuja domin can ya fi sauri. Don Allah ta ina zan fara, kuma tsawon wane lokaci zai ɗauka?

Wata uwa daga Jos

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raya yarinya, Ya sanya albarka a aikin maigida, Ya sada ku cikin alheri.

Wata ukun da kike da shi zai ishi fasfo idan kika fara a makon nan, amma da sharaɗin ki gane cewa a yau ba ki kai matakin neman fasfo ba tukuna. Duk wa'adin da za ki ji Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa ta ambata, na mako shida ne ko na mako biyu, ana fara ƙirga shi ne daga ranar da aka ɗauki hoton mai nema a ofishinta, bayan an karɓi takardunsa an ga sun cika. Kafin yarinyarki ta isa wannan rana akwai hukumomi biyu da sai kin bi ta kansu, kuma a tsakanin waɗannan hukumomi ne mafi yawan iyaye suke ɓata makonni, sannan su koma suna ɗora wa ofishin fasfo laifin jinkirin duka.

Maganar Hajiya gaskiya ce a zamaninta, domin an yi lokacin da ake rubuta ƙananan yara a cikin fasfon uwa ko na uba. Wannan tsari ya wuce. Nijeriya ta koma amfani da fasfo mai ɗauke da ƙwaƙwalwar lantarki tun 2007, kuma a yanzu kowane matafiyi, ko da jaririn mako biyu ne, sai da littafinsa mai ɗauke da sunansa da hotonsa.

Hukuma ta farko ita ce Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ɗora wa alhakin rajistar haihuwa. Katin asibiti yana nuna cewa an haifi yarinya a rana kaza, amma ba shi ne takardar haihuwa ba, kuma ofishin fasfo ba ya karɓar sa a madadinta ga yaron da aka haifa a cikin ƙasar nan. Ki ma ɗauko katin ki duba da kyau, domin yawancin asibitoci suna sallamar mai jego kafin ranar suna, saboda haka abin da ake rubutawa a gurbin suna shi ne jaririyar wance. Jami'an hukumar ƙidaya suna da tebur a sakatariyar ƙananan hukumomi da manyan asibitoci da wasu cibiyoyin rigakafi, don haka ki tambayi ma'aikaciyar da ke yi wa yarinyar allura inda nasu yake, ki je da katunan biyu da katin shaidarki da bayanan mahaifinta.

A gaban wannan teburin ne nake so ki fi natsuwa, domin abin da aka rubuta a takardar haihuwa shi zai bi yarinyar zuwa lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, daga can ya shiga fasfo, daga fasfo ya shiga biza da takardun makaranta har ta girma. Mu Hausawa muna da al'adar sakaya suna, yarinyar da aka sa wa sunan kaka sai a riƙa kiran ta Ummi ko Walida ko Mama har a kusa manta sunan yanka, kuma na sha ganin uwar da ta je rajista ta faɗi sunan da bakinta ya saba da shi saboda kunyar ambaton sunan uwar miji. A nan ba wurin alkunya ba ne. Idan ba za ki iya furta sunan ba, ki rubuta shi a takarda tun daga gida ki miƙa. Sannan akwai batun harrufa: Aisha da Aishat da A'ishatu suna ɗaya ne a kunnenmu, haka Muhammad da Mohammed da Muhammed, amma kwamfuta tana ɗaukar kowanne a matsayin mutum dabam, kuma harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin takardar haihuwa da NIN ya isa ya tsayar da neman fasfo cak.

Abu na uku, wanda ya fi waɗannan wuyar gyara, shi ne sunan mahaifi. A al'adarmu yaro yana ɗaukar sunan ubansa na yanka, shi kuma uban a fasfonsa sunan kakan yarinyar ne ko sunan garinsu ko unguwarsu yake a gurbin sunan iyali, sai ka ga uba da 'yarsa ba su haɗa suna ko ɗaya a gurbi guda ba. Doka ba ta hana hakan ba, kuma takardar haihuwa tana nuna alaƙarsu, sai dai tunda bizar iyali za ku nema, shawarata ita ce ku yi magana da maigida tun yanzu, ya turo miki hoton shafin bayanai na fasfonsa, ku zauna a kan yadda za a jera sunan yarinyar, kuma duk sunan da aka ɗauko daga nasa a kwafe shi harafi da harafi kamar yadda yake a fasfon. Kafin ki tashi daga gaban jami'in ki karanta takardar da kanki, ki tabbatar ba a juya rana da wata ba, domin yarinyar da aka haifa ranar 3 ga watan 7 takan wayi gari a takarda an haife ta ranar 7 ga watan 3.

Hukuma ta biyu ita ce ta katin ɗan ƙasa, wato NIMC, wadda ke bayar da lambar NIN mai lambobi 11. Ba a yin fasfo yanzu sai da ita, kuma yara ma suna cikin wannan sharaɗi. Ga yaron da bai kai shekara 16 ba, uwa ko uba ne ke kai shi da takardar haihuwarsa da lambar NIN tasu, a yi masa rajista a jingina tasa da ta wanda ya kawo shi. Rajistar farko kyauta ce a ofishin hukumar, gyara ne ake biyan kuɗi a kansa, kuma gyaran ranar haihuwa ya fi na suna tsada da ɗaukar lokaci. Ki sa a ranki cewa sabuwar lamba ba lallai ne ta bayyana a shafin neman fasfo a ranar da aka ba ki ita ba, wani lokaci sai ta yi kwanaki kafin na'urorin NIMC da na hukumar shige da fice su ga juna. Idan hakan ta faru ki ɗan dakata ki sake gwadawa, kada ki yarda wani ya ce zai yi wa yarinyar sabuwar rajista, domin rajista biyu a kan mutum ɗaya matsala ce da ta fi jiran kwana biyar nauyi nesa ba kusa ba.

Sai kin riƙe waɗannan takardu biyu a hannu sannan za ki shiga shafin hukumar shige da fice, wanda adireshinsa ke ƙarewa da immigration.gov.ng. Ki lura da wannan ƙarshen, domin akwai shafukan bogi masu kama da shi. Tun watan Janairun 2024 mai nema ne da kansa yake cike fom ta intanet, ya ɗora hotonsa da takardunsa, ya biya kuɗi, ya zaɓi ofishi da ranar da zai je. Da zarar kin sa lambar NIN, shafin zai jawo suna da ranar haihuwa daga rumbun NIMC, wanda shi ne dalilin da ya sa na tsawaita a kan suna. Idan a shagon intanet za a cike miki, ki zauna kusa da mai cikewar, ki sa lambar wayarki da adireshin imel ɗinki, kada ya sa nasa, domin ta nan saƙonnin hukuma za su riƙa zuwa.

Game da kuɗi, daga ranar 1 ga Satumba, 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma Naira 100,000 a cikin gida, mai shafi 64 na shekara goma kuma Naira 200,000. Na shekara goma na manya ne, yaron da bai kai shekara 18 ba na shekara biyar ake ba shi, saboda haka lissafinki na farkon ne. An ƙara kuɗin a 2024, aka sake ƙarawa a 2025, don haka abin da shafin ya nuna miki a ranar biya shi ne abin dogaro. Ana biya ne ta hanyar da shafin ya tanada, a fitar da rasit, ba a miƙa wa kowa tsabar kuɗi a bakin ƙofa ko a cikin ofis.

Wannan ya kawo mu ga mutumin da ya nemi Naira 250,000. Ki ba shi haƙuri ki riƙe kuɗinki. Fasfon farko ba ya fitowa sai an kai mai shi ofis an ɗauke shi hoto da na'urar hukuma, kuma tsarin da ake yi ta waya ba tare da zuwa ofis ba an yi shi ne domin manya masu sabunta tsohon fasfo. Wanda ya ce zai yi wa yarinyar da ba ta da takardar haihuwa, ba ta da NIN, fasfo cikin kwana uku tana gida, ko dai zai ɓace da kuɗin, ko ya ƙirƙiro mata takardun ƙarya da wata ranar haihuwa da wani suna, ku kwashe shekaru kuna yawon kotu kuna rantsuwa domin gyarawa. Irin wannan ne Hausawa ke cewa sauri ya haifi nawa. Masu ɗan dama-dama a cikin 'yan cuwa-cuwar ma abin da suke yi bai wuce cike fom ɗin da za ki iya cikewa da wayarki ba, su karɓi ninkin kuɗin hukuma a kai.

Takardun da za ki ɗora, kuma ki riƙe na asali da kwafinsu ranar zuwa, su ne takardar haihuwa, takardar NIN ta yarinyar, shaidar cewa iyayenta 'yan Nijeriya ne, wato shafin bayanai na fasfonki da na maigida, da takardar amincewar iyaye. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba yaro zama ɗan ƙasa ta wajen uwa ko ta wajen uba, saboda haka rashin maigida a gari ba ya rage wa yarinyar komai. Duk da haka ki sa ya rubuta tasa takardar amincewar zuwa ga shugaban hukumar shige da fice, ya ambaci cikakken sunan yarinyar da ranar haihuwarta da lambar fasfonsa, ya sa hannu irin wanda ke cikin fasfon, ya turo miki ki buga, ke ma ki rubuta taki. Jami'ai suna tsananta bincike a kan fasfon yara ne saboda safarar yara da kuma rigimar riƙo tsakanin ma'auratan da suka rabu, kuma ni ban ga laifinsu a wannan ba. Ki adana kwafin takardar maigida, domin ranar tafiya ma ana iya tambayar uwar da za ta fita da yaro ita kaɗai ko uban ya sani.

Akwai takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda ake nema daga babba mai neman fasfon farko, kuma mu da ke Jos mun san yadda maganar takardar asali take da sarƙaƙiya a garin nan. Kada wannan ya tayar miki da hankali. Fasfo shaidar zama ɗan ƙasa ce, kuma ta yarinyar tana rataye ne a kan takardun iyayenta. Ki sa kwafin takardar mahaifinta a cikin fayil ko da za a tambaya, kuma jiha da ƙaramar hukumar da za ki rubuta mata a NIN da fom su zama daidai da abin da ke cikin bayanansa, kada yau a rubuta Filato gobe a rubuta Kano ko Bauchi.

Hoton da za a ɗora yana da ƙa'ida, kuma shafin yana mayar da wanda bai cika ta ba: bayansa fari, fuska tana kallon gaba, idanu a buɗe, babu hula, babu abin tsotso a baki, kuma kada hannun mai riƙe da ita ya fito. Ga yarinya 'yar wata goma sha huɗu abin da ya fi sauƙi shi ne a shimfiɗa farin zanin gado a kan kujera kusa da taga da hantsi, a zaunar da ita bayan ta ci ta ƙoshi, wani ya tsaya bayan mai ɗaukar hoton yana kaɗa mukullai har ta ɗago kai. A ranar ki sauƙaƙa kwalliya, ki bar ɗigon kwalli a goshi da manyan 'yan kunne, ki sa mata riga mai duhu domin kada ta saje da farin zanin. Ranar zuwa ofis ma haka za ki shirya ta, ki fita da wuri, ki riƙe abincinta da kayan canji da rigar sanyi, tunda kin san safiyar Jos, kuma zaman jira yakan yi tsawo idan na'ura ta samu tangarɗar sadarwa.

Yanzu ga ainihin tambayarki ta tsawon lokaci. A 2021, lokacin da Rauf Aregbesola yake ministan harkokin cikin gida, an sanya wa'adin mako shida ga sabon fasfo da mako uku ga sabuntawa. Wa'adin bai hana cunkoso ba, domin sa'ad da Olubunmi Tunji-Ojo ya karɓi ma'aikatar a 2023 ya tarar da fasfo fiye da 200,000 da ba a buga ba, aka share su cikin 'yan makonni, ya kuma yi alƙawarin rage jiran zuwa mako biyu. A 2025 ma'aikatar ta sanar da tattara aikin buga fasfo a cibiya ɗaya a hedikwatar hukumar da ke Sauka, kan hanyar filin jirgin sama na Abuja, da burin ƙara rage kwanakin. Abubuwa sun yi sauƙi idan aka kwatanta da shekarun ƙarancin littafi, wannan gaskiya ne, amma alƙawarin minista ba shi ne abin da za ki gina tafiyar iyali a kansa ba. Ni a lissafina ki ware mako biyu zuwa uku domin takardar haihuwa da NIN da samun ranar zuwa ofis, sannan ki ware mako shida daga ranar ɗaukar hoto. Idan ya fito a mako na biyu kin ci riba, idan ya kai na shida bai rushe miki komai ba. Abin da zai rage daga wata ukun shi ne na biza, kuma wannan kason ya yi kaɗan, saboda haka ki faɗa wa maigida tun yanzu cewa ranar tafiya tana iya matsawa, kada ya sayi tikiti sai biza ta fito.

Batun zuwa Abuja kuwa ban ga ribarsa gare ki ba. Ofishin da kika zaɓa a fom nan za a ɗauki hoto, nan kuma za ki karɓi littafin, wato za ki bi hanyar Akwanga da Keffi da goyo sau biyu, ga kuɗin mota, ga masauki, kuma idan aka ce wata takarda ta gaza kina nesa da gida. Ofishin fasfo na Jos yana yin wannan aiki, kuma kasancewarki a gari zai ba ki damar leƙawa idan abu ya tsaya. Bayan ɗaukar hoto za a ba ki 'yar takarda, ki ɗauke ta a waya ki adana ta asalin, domin da lambar da ke jikin takardunki ne za ki riƙa duba matakin da aikin ya kai a shafin bibiya na hukumar. Idan mako shida ya cika shiru, ki rubuta takardar ƙorafi mai ladabi zuwa ga shugaban ofishin fasfo, ki haɗa da kwafin rasit da shaidar aikin maigida, ko ki nemi teburin karɓar ƙorafi na SERVICOM, wato sashen gwamnati mai sa ido kan yadda ma'aikatu ke yi wa jama'a hidima. Takarda tana shiga fayil ta zauna, magana da baki a bakin taga kuwa takan tafi da wanda ya ji ta idan ya tashi aiki.

Kafin duk wannan ki buɗe naki fasfon ki duba ranar ƙarewarsa. Saudiyya, kamar ƙasashe da yawa, tana so fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, kuma idan naki ya kusa ƙarewa gara ki haɗa sabunta shi da na yarinyar a lokaci guda, ku yi jira ɗaya. Ki kuma nemi takardar aurenku ki ajiye kusa, tunda bizar iyali tana buƙatar shaidar aure da ta haihuwa, kuma maigida ya tambayi wurin aikinsa irin tantancewar da ake so a yi wa takardun domin ki fara ta a makonnin da kike jiran fasfo.

Ranar karɓa kada ki sa littafin a jaka ki fito da murna sai kin buɗe shafin bayanai kin karanta a gaban jami'in: jerin suna, harrufansa, ranar haihuwa, wurin haihuwa, da gurbin jinsi, domin a kan fuskar yaro ƙarami kuskuren namiji da mace yana iya wucewa ba a lura ba. Idan kin ga saɓani ki nuna a take, a gwada da fom ɗin da kika cike a san daga inda ya fito. Idan komai daidai ne, ki ɗauki hoton shafin a wuri mai haske yadda layuka biyu na ƙasan shafin za su fito sarai, ki tura wa maigida a ranar domin ya shigar da neman biza.